Kwano Ɗaya A Ƙasar Baƙunci

A ƙasar Katagum, tun kaka da kakanni, abinci na gida ne. Matafiyi da direba da gwauro su aka sani da zama a rumfar mai tuwo a tasha. Magidanci kuwa, in aka gan shi yana ci a kasuwa, sai a shiga tambaya ko gidansa lafiya. Ko baƙo ma ba a barinsa ya sayi abin da zai sa a bakinsa. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya iso garin Katagum cikin watan Janairu na 1824, Sarki Ɗankauwa ne ya sauke shi, ya ciyar da shi. Da aka mayar da fadar masarauta Azare a 1916, wannan hali ya bi mutane zuwa can.

Cin kansa yana da tsari. Maigida yana zaure da maƙwabta ana ciyayya, mata suna cikin gida, yara kuma sun kewaye kwano ɗaya, babbansu yana sa ido. A bakin wannan kwano ne yaro yake koyon wanke hannu da yin bisimilla, da ci da dama, da cin gabansa, da haƙuri har a raba nama. Masu koyarwar suna da yawa, ga kaka, ga goggo, ga yayye. Uba kam sau da yawa bai san yadda ɗansa yake kai loma ba, balle ɗan fari, wanda ko sunansa ba ya kamawa saboda kunya.

Cikin irin wannan gida wani malamin makaranta na Azare ya tashi. Da Allah ya nufe shi da ƙaro ilmi a birnin Manchester na Ingila, sai ya tafi da maiɗakinsa da 'ya'yansu biyu, namiji mai shekara biyar da mace mai shekara biyu. Gidan da suka samu ɗaki biyu ne a kan bene. Ba kaka, ba goggo, ba maƙwabciyar da za a ce wa ta riƙe yara, ga shi hukumar ƙasar ba ta wasa da iyayen da suka bar ƙaramin yaro shi kaɗai. Saboda haka duk inda ɗaya zai sa ƙafa don shaƙatawa, sai su huɗun sun tafi. Da hunturu ya shigo, rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, kaɗaici ya dami uwargida. Ganin haka malamin ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba, ya kwashi iyalinsa zuwa gidan abinci.

Matsalar halal ba ta ba shi wuya sosai ba, domin a unguwar Rusholme, kan titin Wilmslow, ba nisa da jami'a, akwai gidajen abincin Musulmi birjik, yawancinsu na mutanen Pakistan da Gabas ta Tsakiya. A wasu wuraren ne sai ya tambaya ko an sa giya a miya, ko akwai kitsen alade cikin kayan zaƙi. Jira ma an saba da shi a hankali, ko da yake yaron da ya saba ganin tuwo a kwashe ba ya gane dalilin zaman rabin sa'a a gaban tebur wayam.

Abin da ya tayar masa da hankali daban ne. Al'adar wuraren ita ce a ba kowa farantinsa, har akwai takardar abincin yara ta musamman, wadda ba ta cika wuce soyayyen dankali da kaza ba. Wata rana 'yar ƙaramar ta miƙa hannu cikin farantin wanta, sai ya janye shi da sauri, ya ce nasa ne. Uwar ta dubi mijinta ta ce, "Malam, ka ji abin da yaron nan ya faɗa?" Ya ji kuwa. Magana ce da ba a taɓa yi a bakin kwanon gidansu ba, kuma ba laifin yaron ba ne, abin da aka ɗora shi a kai ya bi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ga masu tanƙwarawar an baro su a Azare.

Daga ranar ya sake tsari. In sun je, sai ya sa a haɗa musu shinkafa da nama a babban faranti ɗaya, a kawo gurasa, su ci da hannu, abin da masu wurin ba su ɗauka baƙon abu ba, don su ma haka suke ci a gida. Sukan je da wuri kafin cunkoso, kuma ba sa fita da yaro yana cikin yunwa ko barci. Wayar da iyaye da yawa suke miƙa wa yara don su yi shiru, ya hana, domin a ganinsa yaron da idonsa yake kan waya bai san da wa ya ci ba. Shi yake raba nama, ƙarama ta samu, babba ya jira.

Wannan ya ci masa wani abu. Dole ya kama sunan ɗan farinsa a bainar jama'a, ya goge masa baki, ya kai shi makewayi. Da labari ya kai wa mahaifiyarsa, sai da ta riƙe baki, ta ce lalle zamani riga ne. Amma a kan teburin nan ne ya gano ɗansa bahago ne, ya bi shi da lallashi har ya iya ci da dama, aikin da a gida goggo za ta yi ba tare da ya sani ba.

Ba shi kaɗai ba ne. 'Yan Katagum da ke zaune a Jidda sun san sashen iyali na gidajen abincin Saudiyya, inda sai a 2019 aka daina tilasta ware wa iyali ƙofar shiga daban. Ko a Azare ma, ma'aikatan asibiti da na kwaleji da aiki ya raba su da danginsu sun fara sanin wannan hali. Duk magidancin da ya bar babban gida ya sani cewa makarantar kwano ba ta bin mutum da kanta, sai ya ɗauke ta. Wurin ci bai cika damuwa ba, ko zaure ne ko otel, muddin akwai babban da zai zauna ya sa ido. Allah Ya shirya zuriya, Ya mai da matafiya gida lafiya, amin.