Hancin Tsoho da Fuskokin Bamako

Yanzu idan aka turo maka hoton biki a waya, sai ka yi ta ƙura ido kana neman 'yar da ka haifa a ciki. Matan duk fari tas, hanci iri ɗaya, fata sumul. Wai manhaja ce ke gyarawa. Har zanen Gobirci na ga an shafe daga kumatun wata dattijuwa, zanen da ke gaya wa duniya gidan da ta fito. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma zan faɗi dalili.

Akwai wani zane da na fi so a duk zanen Turawa, tun ina ɗalibi na gan shi a wani littafi a laburaren makaranta. Domenico Ghirlandaio ne ya yi shi wajen shekarar 1490, mutumin birnin Fulorans a Italiya, wanda Michelangelo ya yi koyon aiki a hannunsa yana yaro. Yau zanen yana gidan tarihi na Louvre a Faris. Wani tsoho ne cikin jar riga, da yaro a jikinsa. Hancin tsohon ya kumbura, duk ƙuraje, irin ciwon da ke sa mutum sunkuyar da kai a taro. Ga kuma wani ƙullutu a gefen goshinsa. Mai zanen bai rage ko ɗaya ba, alhali burushi na hannunsa, kuma masu kuɗi ne ke biyansa. Sai yaron, da jar hula da gashi mai laushi, ya ɗora ɗan hannunsa a ƙirjin tsohon, ya ɗaga kai yana kallonsa ba ƙyama ba tsoro. Da an gyara hancin nan, da kallon yaron ya zama na banza. Kowa na iya son kyakkyawa. Yaron nan kakansa yake so, da hancin da komai.

A Stockholm akwai wani zanen da Ghirlandaio ya yi na kan wannan tsohon, idanunsa a rufe, shi ya sa masana da yawa ke ganin bayan rasuwarsa aka yi babban zanen, don iyali su riƙa tunawa. To kun ji. Masu son tuna mamacinsu ba su nemi a ba su wani mutum dabam ba.

Ni mahaifiyata ba ta da hoto ko ɗaya. Tana cikin kulle, mai hoto kuma namiji ne, kuma mahaifinmu yana bin malaman da ke ƙin hoto. Ban zarge shi ba, Allah ya jiƙansu duka. Amma yau jikokina suna tambaya yaya kamanninta, sai in ce ku dubi gwaggonku ta wajen ido. Da zan samu hotonta, ko mai duhu, da giɓin haƙorinta da lallen hannunta, wallahi ba zan yarda wata manhaja ta taɓa shi ba.

Na biyu da nake so shi ne aikin Seydou Keïta na Bamako. Ya buɗe ɗakin ɗaukar hoto a 1948, yana aiki da hasken rana a tsakar gida, ya rataya zane mai ado a bayan mutum, kuma yawanci sau ɗaya yake dannawa, don fim kuɗi ne. Akwai hotonsa na wata mata a kishingiɗe, ta tokare kai da hannu, ɗaurin kallabinta a karkace, adon rigarta da na zanen bayanta suna neman haɗewa. Fuskarta ce kawai ta tsaya daram, baƙa, mai sheƙi, ba ta neman afuwar kowa. Duk wanda ya san matan Sahel ya san wannan zaman.

Za ku ce ai shi ma Keïta yana ara wa mutane rediyo da agogo da babur Vespa su ɗauki hoto kamar nasu ne. Gaskiya ne. Mu ma a samartakarmu mun ari kwat mun tsaya gaban labule, kuma ban ga laifin kwalliya ba. Amma aron rediyo dabam, aron fuska dabam. Jikan mutumin da ya jingina da Vespar aro zai gane kakansa. Jikar amaryar bana fa, wa za ta gane?

Keïta ya adana nagetif ɗinsa a adaka shekara da shekaru. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, sai daga baya aka bi sawu har Bamako aka same shi. Ya rasu a 2001, duniya ta san shi. Mu kuwa a garinmu, da tsohon mai hoton bakin kasuwa ya rasu, magada suka share shago suka zubar da kwalayen nagetif a juji, aka sa mai sayar da kati. Sarakuna, 'yan makaranta, alhazan farko, duk sun tafi. Har na taɓa rayawa a zuciyata ko mahaifiyata ta taɓa faɗawa cikin wani hoton suna a kwalayen nan.

Kullum ina faɗa wa yara sun cika ɗaukar hoto, su ajiye waya su kalli mutane da idonsu. Amma kuma ina cewa ku ɗauki tsofaffinku, ku ɗauke su da yawa, yadda suke, a bakin murhu ko kan buzun salla. Ku kai a wanke, ku rubuta suna da shekara a baya, don waya tana faɗawa ruwa, ɓarawo ma yana fizgewa. Wanda kuma ya san gidan wani tsohon mai hoto a Kano, ko Zariya, ko Damagaram, ya je tun yau ya tambayi 'ya'yansa ina kwalayen suke.