Murren: Ƙauyen da mota ba ta zuwa, amma duniya ke tururuwa

Idan ka ce wa mutumin ƙauyenmu "garinku ko mota ba ta shiga," to ka shirya faɗa, don gori ka yi masa. Mu da muka tashi tsakanin Funtuwa da Malumfashi mun san abin da maganar ke nufi: damina ta yi nisa, laka ta cinye hanya, buhun taki na jiran amalanke, mai naƙuda kuma sai dai a babur. Shi ya sa da yayana da ke karatu a Jamus ya ce zai kai ni wani ƙauye a Suwizalan inda babu mota, har ma kuɗi za mu biya, sai na ce, "Haba Yaya! Abin da na baro a gida?" Dariya kawai ya yi.

A watan Yuli na 2023 ne. Mun fara yada zango a garin Interlaken, kuma a nan na fara cin karo da abin da zai burge duk wani mayen fim ɗin Indiya. A cikin wani lambu ga mutum-mutumin darakta Yash Chopra tsaye da kyamararsa, an kafa shi a 2016, shekara huɗu bayan rasuwarsa. Indiyawa sun yi layi suna ɗaukar hoto, ni ma na shiga sahu. Mai karatu, koren tsaunukan nan masu farar ƙanƙara a ka da kake gani a Chandni na 1989, da Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 inda Shah Rukh Khan da Kajol suka yi ta tsalle-tsalle, ai ba Indiya ba ce, nan ƙasar ce. Raj Kapoor ya riga kowa zuwa da Sangam tun 1964, amma lokeshin ɗin Indiyawa na ƙanƙara a da can Kashmir ne. Da rikici ya ɓarke a can a ƙarshen shekarun 1980, sai furodusoshi suka naɗe kayansu suka yo nan. Ka riƙe wannan maganar, zan dawo kanta.

Daga Interlaken jirgin ƙasa ya sauke mu a kwarin Lauterbrunnen, inda aka ce akwai wurare 72 da ruwa ke zubowa daga kan dutse. Ɗaya daga ciki, Staubbach, tsawonsa ya kusa mita 300, kafin ruwan ya iso ƙasa ya zama feshi. A nan duk mai mota ke ajiye motarsa, komai kuɗinsa. Muka shiga wani akwatin ƙarfe mai gilashi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, ya ɗaga da mu sama. Wallahi ban saki hannun Yaya ba, duk addu'ar da na iya sai da na karanta, ga wata tsohuwar Baturiya a gefena tana cin tuffa abinta. A sama kuma wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa ya ƙarasa da mu. Tun 1891 wannan layin dogo yake aiki.

Murren na zaune a bakin wani gangare, sama da mita 1,600 daga doron teku, mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne kawai. Abin da ya fara duka na shi ne shiru. Ba hon, ba ƙarar babur, ba janareto. Gaskiya akwai 'yan ƙananan motocin manoma da na ɗaukar kayan otal, amma sai ka daɗe ba ka ga ɗaya ba. Yara na wasa a tsakiyar titi. Gidajen katako ne, kowace taga da furanni, kuma duk inda ka waiga manyan tsaunuka uku na kallon ka: Eiger, Monch da Jungfrau, wanda tsawonsa ya kai mita 4,158. Rana kuwa ba ta gaggawar faɗuwa, sai bayan ƙarfe tara na dare muka yi magariba.

Washegari muka hau tsaunin Schilthorn, mita 2,970. A ƙololuwarsa akwai gidan abinci mai suna Piz Gloria da ke juyawa a hankali, cikin kamar minti 45 ka ga kowace kusurwa kana zaune. A nan aka ɗauki fim ɗin James Bond na 1969, On Her Majesty's Secret Service, wanda George Lazenby ya fito a jarumi. Lokacin ba a gama ginin ba, masu fim ɗin ne suka taimaka da kuɗin ƙarasa shi. Yau fiye da shekara 50 ke nan suna cin albarkacin fim ɗaya tak, har a banɗaki sai ka ga Bond! Kuɗin shayi kofi ɗaya a wurin zai sayi tiyoyin masara a kasuwar Funtuwa, don haka muka sha ɗaya mu biyu.

Wasanni kam akwai su. Wasu na ɗaura ɗamara suna bin jikin dutse da igiya, ƙarƙashinsu rami ne na ɗaruruwan mita. Wasu na rugawa su faɗa sararin sama da laima, suna shawagi kamar shirwa. Yaya ya ce in gwada. Na ce masa Inna ba ta yafe ba.

Ni abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne tattakin da muka yi zuwa Gimmelwald, ƙauyen manoma da ke ƙasa da Murren, tafiyar kamar minti 40. Shi ma babu mota. Na ga dattijo da iyalinsa suna tara ingirici a gangaren da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau. Da bazararsu suna kora shanu can saman tsauni su yi kiwo, kafin sanyi su sauko da su, kamar dai yadda Fulaninmu ke tafiya mashekari su dawo. Kowace saniya da ƙararrawa a wuya, don mai ita ya san inda take ko cikin hazo. A ƙofar wani gida na ga firij cike da cuku da madara, ga farashi a rubuce, ga ɗan akwatin kuɗi, babu kowa. Ka ɗauka, ka saka kuɗi, ka wuce. Na daɗe tsaye ina neman inda aka ɓoye kyamara.

A nan na tuna gida. Mu ma fa muna da duwatsu. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya ga dutsen Kwatarkwashi, wanda ya nufi Zariya ya hango Kufena, ga madatsar ruwan Mairuwa a bayan gari. A watan Agusta, lokacin da masara ta rufe ƙasa tun daga Bakori har Ƙafur, korenmu bai fi nasu muni ba. Na sha yi wa daraktocinmu tsiya cewa kullum rawa da waƙa a lambun otal ko bakin ruwan Tiga. Amma in za a yi adalci, tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, wane furodusa ne zai ɗebi jaruma da 'yan rawa ya nausa da su bayan dutse a yankinmu? Abin da ya kori Indiyawa daga Kashmir shi ya hana namu zuwa, sai dai su suna da kuɗin jirgin Suwizalan.

Kafin mu sauko na sayi ƙararrawar shanu, irin wadda Kajol ta saya a fim ɗin can. Da na dawo na kai wa Baba tsaraba, ya yi murna, ya ɗaura wa babban sansa na huɗa. Yaran unguwa suka yi ta bin san suna shewa. Kwana biyu da na leƙa turke sai na ga wuyansa wayam. Na ce, "Baba, ina ƙararrawar?"

Ya ce, "Tana ɗaki, na rataye. So kake ta riƙa faɗa wa mutanen daji inda shanuna ke kwana?"