Kwana Biyu A Kan Layin Da Ya Raba Duniya

Daga Wakilinmu

Mu da muka tashi a Arewa, in an ambaci ruwa, abin da kan faɗo mana a rai shi ne rijiya da tafki da gulbi, watau abin sha da abin ban ruwa. Don haka da na sami hutun shekara cikin watan Janairu, sai na ɗaura niyyar in je in kwana inda ruwa ya kewaye ƙasa ta kowace fuska, in ga yadda mutanen wurin suke zamansu. Wurin da na zaɓa shi ne tsibirin Rolas, a ƙasar Sao Tome da Principe. Abin da na gano a can, da irin wautar da na tafka, su ne zan ba masu karatu labari a wannan mako.

Ita dai wannan ƙasa tsibirai ce a cikin Tekun Atalantika, kudu da Fatakwal, yamma da Gabon. Turawan Fotugal suka fara sauka a kanta wajen shekarar 1470, suka tarar ba kowa, suka yi ta jigilar bayi daga gaɓar Afirka don noman rake, daga baya kuma koko. A farkon ƙarni na 20 har ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da koko. Ta sami 'yancin kai ran 12 ga watan Yuli, 1975. Tsakaninta da Nijeriya kuwa akwai tsohuwar sanayya. Daga filin jirgin samanta ne jiragen agaji suka riƙa tashi da dare zuwa Biyafara daga 1968 zuwa 1970. A 2001 ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar haƙar mai a ruwan da ke tsakaninsu, Nijeriya kashi 60, Sao Tome kashi 40. A 2003 kuma, sa'ad da soja suka yi juyin mulki shugabansu Fradique de Menezes yana Abuja, Shugaba Olusegun Obasanjo ne ya raka shi har gida bayan an sasanta.

Daga babban birnin zuwa Porto Alegre, ƙauyen da ke ƙarshen hanya ta kudu, kimanin kilomita 70 ne, amma tafiyar ta ci mana fiye da awa biyu saboda kwane-kwane da ramuka. Ana tafe ana ratsa tsofaffin gandayen koko, gidajen Turawan da suka mallake su a dā duk daji ya cinye. Can gaba sai ga wani dutse siriri ya miƙe tsaye cikin gajimare kamar taɓarya, tsawonsa mita 663 daga doron teku. Sunansa Cao Grande, watau Babban Kare. A Porto Alegre na ɗauki wani saurayi da ya tsinci Ingilishi wajen rakiyar baƙi, ya zama ɗan rakiyata kuma tafintana, gama mutanen ƙasar harshen Fotugal suke yi da harsunansu na gida. Muka sayi shinkafa da gurasa da ashana, muka cika jarka guda da ruwan sha, muka shiga kwalekwale mai inji. Cikin minti ashirin muka isa.

Rolas ɗan mitsitsin wuri ne, faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 2 ba, mutum yana iya kewaye shi da ƙafa tsakanin hantsi da azahar. Ma'anar sunan ita ce kurciyoyi. A ƙidayar 2012 mutum 76 aka samu a cikinsa, galibi masunta. Abin da ya fito da sunansa shi ne layin Ikwaita, layin nan da masana suka ƙaddara ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa. Wani hafsan jiragen ruwa na Fotugal, Gago Coutinho, shi ya yi awo tsakanin 1915 da 1918 ya tabbatar layin ta kan wannan tsibiri ya ratsa. A kan tudu an kafa ginshiƙi don tunawa da shi, an zana taswirar duniya a daɓen da ke ƙasansa. Na tsaya ƙafa ɗaya a arewacin duniya, ɗaya a kudu, na ɗauki hoto kamar yadda kowane baƙo yake yi. A nan dare da rana kusan kunnen doki suke yi duk shekara, kuma agogonsu yana bayan namu da awa guda, don haka kafin ƙarfe shida rana ta faɗi.

Muka ci gasasshen kifi a ƙauye, muka yi ta hira har bayan lisha, sa'an nan wani dattijo masunci ya kai mu wata gaɓa da ba kowa. Daren sha huɗu ne ga wata, fari fat, ga rairayi ya shimfiɗu, teku kuwa ta ja da baya can nesa. Dattijon ya nuna mini wani jerin busassun ganyaye da ɓawon kwakwa da ya bi gefen daji, ya ce ta bakin tafinta, "Ɗana, ka kafa tantinka bayan wannan shara. Kada kuma ka kwanta daidai ƙarƙashin kwakwa, in ta faɗo ba ta sallama." Na ce, "To, Baba, na ji." Amma da ya tafi na ga wurin da ya nuna akwai sauro, ga zafi, turaku kuma ba su kamawa cikin busasshen rairayi. Sai na gangara ƙasa inda yashi ke da tauri, iska na kaɗawa. Ɗan rakiyata ya yi magana, na ce masa ai tsakanina da ruwa ya fi taku hamsin. Ya girgiza kai ya ɗauki tabarmarsa ya hau tudu.

Masu iya magana sun ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Wajen ƙarfe uku na dare na ji sanyi a ƙafafuna, kafin in gama wartsakewa igiya ta biyu ta cika tantin. Na fito a guje da jakar fasfo a kaina, ina kiran yaron. Muka ja tantin zuwa tudu, amma takalmina ɗaya da gurasa da ashana sun tafi. Jarkar ruwa kuwa mun tsamo ta tana birgima, marfinta a kwance, abin da ke ciki ya zama ruwan gishiri. Da gari ya waye na duba, sai na ga ruwan ya tsaya daidai bakin sharar nan da dattijo ya nuna. Ashe teku takan cika ta janye sau biyu kowace rana, saboda jan da wata da rana suke yi mata, kuma cikar takan fi yawa a tsakiyar wata da lokacin tsayuwar sabo. Na karanta wannan a makaranta, har na ci jarrabawa a kansa.

Ranar nan na san ƙishirwa. Iska ta taso, mashigin ya yi hauka, masu kwalekwale suka ce ba mai ƙetarawa sai ta lafa. Ga ruwa iyakar ganin ido, ya yi alwala amma bai yi sha ba. Duk yawon da na yi a tsibirin ban ga rafi ko ɗaya ba. Ɗan rakiyata ya hau kwakwa ya sauko mana da ɗanyu, ruwansu ya riƙe mu har azahar. Da la'asar na ajiye girman kai muka koma ƙauye. Dattijon bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya dubi ƙafata mai takalmi ɗaya, ya yi murmushi, ya kira matarsa. Ta buɗe wata durom da suke tarar ruwan sama daga indararo, na leƙa na ga ruwan bai kai rabi ba, ga yara biyar a tsakar gidan. Ta cika mini jarkata. Na fito da kuɗinsu, dobra, na miƙa mata, ta mayar da hannuna. Na tuna yadda a ƙauyenmu ba a tambayar baƙo sunansa sai an ba shi ruwa, kunya ta kama ni, don ni da gangancina na zubar da nawa.

Dare na biyu na kafa tanti inda aka ce. Can tsakar dare dattijon ya zo ya tashe mu, ya ce kada wanda ya kunna tocila ko ya yi tari. Muka tsuguna a bayan wani kututture. Sai ga kunkurun teku, irin wanda suke kira sada, ta fito daga ruwa tana jan jiki da ƙyar, ta wuce sharar nan, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai fiye da ɗari, ta rufe, ta koma. Aikin ya ɗauke ta fiye da awa guda. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan za su ƙyanƙyashe su nufi teku da kansu. A dā ana cin namanta da ƙwanta, ana ƙera abin ado da ƙoƙon bayanta, har irin ya kusa ƙarewa, sai a 2014 gwamnati ta kafa dokar hana kama su. Dattijon ya ce shi ma ya kama su ba adadi a ƙuruciyarsa, yanzu kuwa samarin ƙauye har gadinsu suke yi. Abin da na lura da shi, ko wannan dabba ba ta yarda ta ajiye ƙwanta a inda na kafa tantina jiya ba.

Ga mai sha'awar irin wannan tafiya, shawarata kaɗan ce. Ya riƙi ruwan sha ninkin abin da yake zato zai buƙata, ya ɗaure shi a tudu. Ya tafi da gidan sauro da magani, ya sa takardunsa cikin leda, ya ƙara kwana ɗaya a lissafinsa, don teku ba ta san ranar tashin jirgi ba. Kada ya bar shararsa a gaɓa. In ɗan gari ya nuna masa wuri kuma, ya kwanta a nan, gama da ɗan gari akan ci gari.

Da hantsin rana ta uku iska ta lafa, kwalekwale ya zo. Na bar wa dattijon sauran shinkafa da jarkar, wannan karon ya karɓa. Na shiga jirgi da silifas na aro, muka nufi Porto Alegre. Allah Ya sāka wa mutanen Rolas da alheri, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.