Kowa da gwargwadon nikotin da zai ishe shi

Aikin kantin magani ya nuna mini cewa yawancin masu cewa filastar nikotin ba ta aiki, ba su sami wadda ta dace da su ba ne. Mutum yana shan kwalin sigari guda a yini, kara 20 ke nan, sai ya manna mai miligiram 7 saboda tsoron mai ƙarfi. Kafin la'asar jikinsa ya fara nema, ya koma wa sigarinsa, ya kuma ɗauka shi ne marar niyya. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin da niyyarsa ya zo.

Shi ya sa ba na miƙa magani sai na yi tambaya. Kara nawa a yini? Amsar ba ta zuwa da sauƙi, don da yawa kara-kara suke saya wurin mai tebur, ba sa lissafi. Sai mu bi yinin tare, daga asuba, zuwa wurin mai shayi, zuwa hirar dare. Wanda ya haura kara 10 yakan fara da mai miligiram 21 na mako shida, ya sauko 14 na mako biyu, sannan 7 na mako biyu. Wanda bai kai haka ba, 14 ta ishe shi farawa.

Tambayar da ta fi tona gaskiya ita ce lokacin kunna karan farko. Tana cikin ma'aunin da Karl Fagerström na Suwidin ya tsara. Wani dattijo direba ya ce mini, "Ɗana, ko fuska ban wanke ba nake kunnawa." Na ce, "To Baba, cingam ɗin nikotin mai miligiram 4 ne naka, ba mai 2 ba." Ƙa'idar ke nan ga duk mai kunnawa cikin minti 30 da tashi daga barci. Na haɗa masa da filasta, domin ita a hankali take sakin nikotin ta fata, cingam kuwa na lokacin da kwaɗayin ya taso ba sallama ne. Haɗa su ya fi amfani da ɗaya kaɗai.

Shi kansa cingam ɗin sai an koya wa mutum. Za ka tauna kaɗan, in ka ji yaji-yaji ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in ya lafa ka sake taunawa. Kada a sha kofi ko lemun kwalba minti 15 kafin nan, suna hana nikotin shiga jiki.

Bayan mako guda nakan nemi su dawo. Mai yawan fushi da kasa natsuwa ƙari yake buƙata. Mai jiri, tashin zuciya ko bugun ƙirji, a rage masa. Wanda mafarkai suka dama ya cire filastar kafin ya kwanta. Mai juna biyu da wanda bai daɗe da ciwon zuciya ba kuwa, wurin likita nake tura su tukuna.