Allo Biyu a Bakin Kogin Nilu

 

Duk wanda ya tsaya a Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke gamuwa, zai ga ruwa biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraye. A wannan gaɓa Khartum take, da ma'aikatu da jami'ar da ta samo asali daga Kwalejin Gordon ta 1902. A ƙetaren gada kuma ga Umdurman, garin Mahadi, inda aka kafa Ma'ahadul Ilmi a 1912, wanda daga baya ya zama Jami'ar Musulunci ta Umdurman. Mun ziyarci garuruwan nan a farkon 2022, domin mu ga yadda suke karantar da yara.

Ba baƙin juna muke da mutanen Sudan ba. Hanyar hajjin ƙasa ta bar dubban Hausawa da Fulani a can, ga kuma garin Mai Wurno na zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru, waɗanda suka isa bayan yaƙin Burmi na 1903. Malaman Sudan ne aka ɗauko suka fara koyarwa a makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934.

Makarantar allo a wurinsu sunanta halwa, malamin kuwa faki. Mun tafi Ummu Dubban, gabas da Khartum, halwar da Shaihu Ubaidu wad Badar ya kafa a ƙarni na 19, inda ake cewa wutar karatun dare ba ta mutu ba tun zamaninsa. Allon irin namu ne, tawadar ma ta baƙin tukunya ce da ƙaro. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne shiftar da suke kira ramya. Faki yana zaune, yara sun kewaye shi, kowa da surarsa. Wannan ya ɗaga murya da ƙarshen abin da ya rubuta, faki ya jefa masa abin da ke biye, ya juya ga na kusa da shi wanda yake wata sura dabam, babu Mus'hafi a hannunsa, ba ya kuma rikicewa. Da an gama, sai ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya yana gyara. Mu da muka tashi a zauren liman mun san biyawa da tilawa, amma a nan muka ga yadda yaro yake koyon ji da rubutu da hadda a zama guda. Ruwayar Duri ce ta fi yawa a tsakiyar Sudan, kamar yadda Warshu take a wajenmu, ko da yake bugaggun Alƙur'anan Hafsu suna ta cin ƙasa a can da nan.

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba. A 2020 sashen Larabci na BBC ya nuna yara cikin mari ana dukansu a wasu halwowi. Wanda ya tuna abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba zai yi wa Sudan dariya ba.

Ta fuskar boko, sunan da tsofaffin malamai suke ambata da girmamawa shi ne Bahtur Ruda, makarantar horon malamai da aka kafa a 1934 kusa da Duwaim, kudu da Khartum. A can Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya yi karatu a tsakiyar shekarun 1950. Al'adarta a wancan zamani ita ce ba a sakin littafi ga ƙasa sai an gwada shi a aji, an ga inda yara suka yi tuntuɓe, an sake rubutawa. Darasin labarin ƙasa ma ziyara aka mai da shi: yaro yana zaune a aji ana kai shi gidajen takwarorinsa na sassan Sudan, ya ga abin da suke ci da sana'ar iyayensu.

Mun tuna wannan ne saboda rigimar da muka tarar ba ta gama hucewa ba. Sabon littafin tarihi na aji shida ya fito ɗauke da wani zanen Michelangelo, mutumin Italiya, game da halittar Annabi Adamu. Limamai suka yi ca a kan mumbarai. A Janairun 2021 Firayim Minista Abdalla Hamdok ya dakatar da sabuwar manhajar, shugaban cibiyar manhaja Umar al-Garrai ya ajiye aiki. A ganinmu, da an zauna da iyaye da malaman aji tun farko, da shafi ɗaya bai janyo wa sauran gyare-gyaren tsaiko ba.

Allo na biyu shi ne kwamfutar hannu. Jami'ar mata ta Ahfad da ke Umdurman, wadda tushenta makarantar 'yan mata ce da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907, ta yi aiki da ma'aikatar ilmi da ƙungiyar War Child wajen koyar da lissafi ta hanyar wasa a ƙauyukan da babu makaranta. Da hasken rana ake cajin na'urar, wani ɗan gari yana kula da yaran, kowane yaro yana tafiya gwargwadon ƙarfinsa. Wannan kuwa tsohuwar ƙa'idar makarantar allo ce, inda ba a wanke wa yaro sai ya iya. Sai dai na'ura ba ta jin harafin da ya fita ba daga mafitarsa ba, ba ta kuma lura da yaron da ya zo bai karya kumallo ba.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da dakarun RSF a cikin Khartum. Ɗalibanmu na Jami'ar Afirka ta Duniya da sauran makarantu aka kwashe su cikin motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan. A Oktoban wannan shekara UNICEF ta ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta, azuzuwa da yawa kuma suka koma masaukin 'yan gudun hijira. Jarrabawar kammala sakandare ta 2023 ba a zauna ta ba sai a Disamban 2024, soja kuma ba su karɓe Khartum ba sai a Maris na 2025.