Tambayar Mai Taguwa

Akwai wani likitan dabbobi, ɗan makiyayan karkarar Imuraren, wanda ya shekara shida yana aiki tsakanin Arlit da Agadas. Allurar rigakafi da maganin ƙazwar raƙumi duk a tafin hannunsa suke. Wata rana bayan ɗaukewar damina, ƙanen mahaifinsa ya aika masa cewa taguwa uku sun yi ɓari cikin mako guda. Da ya iso, tsohon ya ce: "Ɗana, kai da ka yi karatu, gaya mini: daga ciyawa abin yake, ko daga ruwa, ko daga iska? Kuma barewar da muke tasarwa a wannan kwari, ina ta shiga?" Likita ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, ta farkon sai na auna. Ta biyun kuwa ba a koya mana ba."

Tambayar ba ƙarama ba ce, domin abin zargi ya fi ɗaya. Akwai cuta: a shekarar 2016 zazzaɓin Rift ya ɓulla a yankin Cintabaradan da Tasara, ya sa dabbobi ɓari, ya kashe mutane, daidai lokacin da garke ke haɗuwa don lasar gishiri a Ingal. Akwai fari. Akwai kuma ƙasar kanta. A Arlit ana haƙar yuraniyom tun 1971. Mahaƙar Akokan, wadda aka rufe a 2021, ta bar dattin ma'adini kimanin tan miliyan 20. Wanda bai auna jini da ruwa da ciyawa tare ba, sai dai ya yi zato, zato kuwa ba ya warkar da taguwa.

Tambaya ta biyu ita ta hana shi barci. An keɓe gandun Azbin da Tenere a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka ta lissafa shi cikin masu fuskantar haɗari. Jimina ta ƙare a dajin Azbin, sai waɗanda ake kiwo a killace a Ifarwan da Kelle. Adaks, farar dabbar hamada mai murɗaɗɗun ƙahoni, uku kacal masu ƙidaya suka gani a yankin Tarmit a 2016. Farauta da yamutsi da fari sun taru sun yi wannan ɓarna. Amma abin da ya fahimta shi ne, barewa da akuya makiyaya ɗaya suke ci, kaska ɗaya ke cizonsu. Idan dabbar daji ta ɓace, makiyayi ya rasa mai yi masa gargaɗi.

Shi ya sa ya ajiye albashi ya koma Dakar, makarantar likitancin dabbobi da aka kafa a 1968, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka mallake ta, don yin digiri na gaba kan lafiyar namun daji da muhallinsu. Dangi sun yi tsegumi: mai iyali ya koma ɗalibi saboda barewa? A can ya koyi ƙidayar dabba daga sawu da kashi, da yi mata allurar barci daga nesa, da bin cuta daga daji zuwa garke, daga garke zuwa ƙwaryar nono. Ya kuma ga shaidar cewa gyara na yiwuwa: raƙuman dawa na Kure, da suka rage 49 a 1996, sun haura 600.

Gaggawarsa tana da dalili. An gano yuraniyom a Imuraren tun 1966, an bai wa Areva lasisi a 2009, aiki ya tsaya bayan faɗuwar farashi, gwamnati ta janye lasisin a watan Yunin 2024. Ko wane ne zai zo haƙa nan gaba, zai tarar da rijiyoyi da garke da ragowar namun daji. In ba a rubuta halin da suke ciki tun yanzu ba, gobe babu mai iya cewa ga abin da ya canja, balle a nemi hakki. Tun ran gini, ran zane.

Ya dawo da kwalabe da littafin rubutu. Rijiyar baffansa ya fara ɗiba, tsohon na riƙe da guga.