Kafin ka goge sunan wani daga aikin rukuni

'Yan uwa ɗalibai, kowa ya san ranar da lakcara zai ce a kasu goma-goma, aiki ɗaya, maki ashirin. Kafin dare an buɗe guruf a WhatsApp, an naɗa shugaba. Bayan sati biyu kuma sai ka ji ana cewa, "Wallahi wance ba ta yin komai, a cire sunanta."

Ni a Bolori nake zaune, kuma zaman rukuninmu galibi a ƙofar gidanmu ake yin sa bayan la'asar, kan tabarma. A nan na ga halaye kala-kala. Akwai sarkin magana, wanda tunaninsa ba ya nuna sai a bakinsa. Akwai mai tsari, shi tambayarsa kullum ita ce, "Yaushe za a miƙa?" Akwai mai sulhu, wanda in an fara ɗaga murya zai aika a sayo ruwan sanyi. Akwai mai shiru. Sai kuma ɗan "a dai sa sunana", wanda ba ka ganin sa sai ranar gabatarwa, ya sha guga.

Inda muke cutar juna shi ne haɗa na huɗu da na biyar a kwando ɗaya.

A zangon da ya wuce akwai wata a rukuninmu da ba ta taɓa cewa uffan a zama ba. Shugabanmu har ya ɗauko biro. Da aka ce kowa ya turo nasa a rubuce, ita ce ta gano lissafin da muka gina aikin a kai ba daidai yake ba, ta turo gyara shafi biyu. Ashe kunya ce kawai. Ba ta saba katse maza suna magana ba, mu kuma ba ma barin sarari.

Ku tuna fa Maiduguri muke. Wani Kanuri ko Shuwa ko Margi ne harshensa na gida, Hausa ta biyu, Turanci na uku. Kafin ya gama jera jimlar a ransa, sarkin magana ya wuce batu na gaba. Wata dole ta isa gida kafin magariba. Wanda ke Bolori kuma, zuwa jami'a a hanyar Bama sai ya ratsa gari a Keke Napep, kuɗin kuma ba kullum ake da shi ba. Duk waɗannan ba lalaci ba ne.

Masana ma sun duba wannan batu. Meredith Belbin ya yi shekaru yana gwada rukunoni a kwalejin Henley ta Ingila, ya fitar da littafinsa a 1981. Ya gano cewa in aka tara masu kaifin ƙwaƙwalwa zalla a rukuni ɗaya, sau da yawa sai su ƙare a gardama, rukunin da ya haɗa halaye daban-daban ya wuce su. Tun a 1913 kuma wani Bafaranshe, Max Ringelmann, ya nuna cewa in mutane suna jan igiya tare, ƙarfin da kowane ɗaya ke sawa yana raguwa gwargwadon yawansu. Wato ɗan "a sa sunana" ba yau aka fara haifar sa ba. Yana ɓuya ne a inda ba a san aikin kowa ba.

To mafita? Tun zaman farko a tambayi kowa abin da ya fi iyawa. Sarkin magana ya riƙe gabatarwa, mai tsari ya riƙe ranaku, mai shiru a ba shi bincike da duba kurakurai. A rubuta aikin kowa da sunansa da ranar kawowa. A zama kuma a zaga da magana ɗaya bayan ɗaya, wanda bai shirya ba ya turo a rubuce da dare. In an yi haka, malalacin gaskiya zai fito fili da kansa, ba sai an zalunci kowa ba.

Hali zanen dutse ne, ba za ka sauya mutum cikin sati uku ba. Amma maki ashirin na iya raba mutum da maimaita kwas. Kafin ka ja layi a kan sunan wani, kira shi gefe ka tambaye shi, "Wane ɓangare za ka iya?"

Allah ya ba mu sa'a. Kai a rukuninku wane ne a cikin biyar ɗin nan? Faɗi gaskiya fa.